Ranar da Na Shanya Tabar Abu Salim

Ranar Alhamis ɗin da aka ba mu hutun zafi, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, Baba ya shigo gida da la'asar rungume da wani akwatin katako, yana takawa sannu-sannu kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Gidanmu a lokacin ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku na wani tsohon bene a Al-Sadd, a nan Doha, kuma lif ɗin benen nan ya fi daɗewa a mace a kan a raye, don haka ya iso yana haki, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ina zaune a ƙasa ina zazzage jakar makaranta na yi masa sannu da zuwa, ko kallona bai yi ba sai da ya dire akwatin a tsakiyar teburin cin abinci, ya ja da baya ya dube shi, ya dawo ya ɗan gyara masa zama. Sannan ya buɗe. A ciki wasu sanduna ne masu kauri kamar babban yatsa, guda goma sha biyu, a jere reras, wasu farare-farare kalar shayi mai madara, wasu jajaye, wasu baƙaƙe suna sheƙi, kowacce da ɗan zoben takarda a wuya. Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta shaƙi iska sau biyu, ta yamutsa fuska ta ce, "Malam, akuya ka shigo mana da ita?"

Baba, Malam Sabi'u, ma'aikaci ne a wani shagon sigar, wato tabar nan ta manyan mutane wadda ake naɗewa da hannu, ganye a kan ganye, babu takarda babu komai. Abin dariyar shi ne, bawan Allah nan bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko goro ma bai dame shi ba. Amma a ƙauyensu can wajen Zariya mahaifinsa manomin taba ne, shi kuma ya tashi yana tsinkar ganye yana jera shi a rumfa, don haka hannunsa ya san ganye tun kafin ya iya rubuta sunansa. Mai shagon, wani dattijo ɗan Labanon da ake kira Abu Salim, da wannan hannun ya ɗauke shi aiki. Umma kuwa har ga Allah ba ta son a san aikin mijinta. Duk matar da ta tambaya, sai ta kau da kai ta ce a shagon kayan kyauta yake, kuma ni ma an ja mini kunne in faɗi haka a makaranta. Ita 'yar Nguru ce, sana'arta haɗa turaren wuta, kuma a ganinta babu abin da ya kai wannan rashin dacewa, a ce macen da ta fi kowa ƙamshi a Doha mijinta yana yini cikin ganyen taba. Kullum da safe kafin ya fita sai ta rataya rigarsa a kan kabbasa, wato kwandon nan na turara kaya, ta tura kasko ƙarƙashi, ta turara ta sosai.

A daren farko, bayan sallar magariba, Baba ya zaunar da mu ya faɗa mana abin da akwatin yake nufi. Takardar zamanmu, ni da Umma, za ta ƙare bayan hutu, kuma da matsayin da yake kai a shago ba za a sabunta mana ba. Amma mutumin da ke riƙe da mabuɗin ɗakin danshi, inda ake ajiye sigar masu tsada, ya koma ƙasarsu, Abu Salim kuma ya ce zai gwada Baba ranar Lahadi ta sama. In ya ci, mabuɗi nasa, matsayi ya ƙaru, mu zauna. In ya faɗi, ni da Umma mu tattara mu koma Najeriya, shi kuma ya saki gidan ya koma Sanaiya, can unguwar garejoji da rumbunan kaya, ya kama gado a ɗakin gwauraye. Na san ɗakunan nan, na taɓa raka shi gaida mutanen garinsu, na ga gadaje hawa biyu da takalma jibge a bakin ƙofa. Na dubi Baba na yi tunaninsa a gadon sama, ƙafarsa na reto, babu mai zuba masa tuwo. Jarrabawar kuwa ita ce a ɗaure masa ido, a miƙa masa sigar, ya faɗi irin ganyen da aka naɗe ta da shi da ɗanɗanon da mai sha zai ji. Akwatin aro ne aka ba shi ya yi bita, kuma dokarsa ɗaya ce: kada wanda ya taɓa.

Ni aka naɗa malamar jarrabawa, kuma wallahi na riƙe muƙamin nan da izza. Kullum bayan cin abincin dare sai in ɗaure wa Baba ido da gyalen Umma, in wanke hannu, in ɗauko ɗaya in ɗora masa a tafi. A nan na koyi cewa sigar hawa uku ce: akwai ganyen ciki, akwai wanda ya ɗaure shi, sai na waje wanda Baba yake kira riga. Rigar nan ganye ɗaya ce tak, marar huji, marar tabo, mai siraran jijiyoyi, kuma ita ido yake fara gani, ita leɓe yake fara taɓawa. Fara-farar, wadda ake ce wa kilaro, a ƙarƙashin rumfar yadi ake nomanta don kada rana ta dake ta, shi ya sa take da laushi da santsi, masu sha kuma suna cewa kamar madara da soyayyar gyaɗa take. Baƙar, maduro, ganyen saman kara ne da ya sha rana ya yi kauri, aka tara shi tsibi aka bar shi ya daɗe yana ɗumama har ya yi duhu ya fitar da mai, ita kuma wai zaƙi-zaƙi gare ta, tsakanin gahawa da ƙanzon tukunya. Wadda Baba ya fi so ita ce ta Kamaru, mai ƙananan ƙuraje kamar fatar kazar da aka fige, mai ɗan yaji irin na kanumfari. "Wannan 'yar maƙwabta ce," haka yake cewa, yana murza ta kusa da kunne. Duk ɗanɗanon nan a bakin masu saye ya haddace shi, yana zuba shi tiryan-tiryan kamar hadda, Umma tana gefe tana tsaki.

Ban da malantar dare, aikina na rana a gidan nan shi ne shanya. Rufin benenmu shi ne tsakar gidanmu, shi ne kuma filin wasanmu. Can tankunan ruwa suke, da faifan tauraron ɗan'adam sun fi ashirin, da igiyoyin da kowane gida ya san nasa. Da yamma mu yaran bene, 'yan Sudan da 'yan Indiya da ni, mukan yi ɓuya a bayan tankuna, mu zana gidan 'yar gala-gala da alli, mu kori tattabaru, har mai gadi ya hau ya kore mu. Da rana kuwa ko ƙadangare ba ya zama a wurin, silifa ma in ka tsaya wuri ɗaya sai ka ji tana kama ƙasa. Amma duk da wannan rana, iskar Doha a lokacin zafi jiƙaƙƙiya ce, takalmin fata in ka manta da shi a cikin kabad sai ka tarar ya yi furfura. Saboda haka Umma tana da karatu guda da take maimaita mini safe da yamma: "Duk abin da kika ji ya yi danshi, kai shi rana." Na kai tattasai, na kai kuɓewa, na kai katifa, na kai takardun Baba, na taɓa kai burodi. Ba a taɓa yi mini faɗa don na shanya abu ba, sai dai don na manta ban shanya ba.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu jarrabawa, Baba ya wuce masallaci, daga can kuma zai zarce Sanaiya kamar yadda ya saba, sai magariba. Umma na da baƙi, mata masu sayen turare, sai ta ce maza in ɗauke akwatin nan daga tebur in kai ɗaki kafin a zo a ce mijinta mashayi ne. Na kai. Da na ajiye na fito, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma malama guda ai tana da ikon duba kayan aikinta, sai na buɗe. Da rana tsaka, a gaban taga, na ga abin da ban taɓa lura da shi da dare ba. A jikin murfin akwai wani ɗan soso a cikin raga, na taɓa na ji shi jiƙe. Na latsa sigar ɗaya, ta lotsa ta dawo. Baƙaƙen nan kuwa har wani maiƙo suke yi. Innalillahi! Ashe kayan mutane ruɓewa suke yi a gidanmu babu wanda ya sani! Baba ya koya mini rumfar yadi da ganyen Kamaru, amma bai taɓa gaya mini cewa danshin nan shi ne ran sigar ba, da gangan ake sa shi, shi da kansa yake ɗiga wa soson ruwa da asuba ina barci. A ganinsa abu ne da kowa ya sani. Ni kuwa a take na ga Abu Salim yana buɗe akwati yana tarar da fumfuna, na ga jirgi, na ga gadon sama. Na ce a raina, yau ni zan ceci gidan nan.

Na ɗauko faifai na jera su goma sha biyun, na lallaɓa ta bayan baƙi na haye sama. Na samar musu wuri mai kyau inda rana ta fi ƙarfi, tsakanin tattasan Umma da busasshen kifin Mma Adiza, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, 'yar Zangon Kumasi. Na kifa musu rariya saboda tattabaru, na matse soson nan tas na ajiye shi gefe shi ma ya sha iska. Kuma kada ku ce aikin ganganci na yi, a'a, sau biyu ina komawa ina juya su kamar mai kilishi don kowane gefe ya samu. Sai bayan la'asar, da baƙi suka watse saura Mma Adiza, na hau in kwaso ina 'yar waƙata. Ina ɗaga rariya waƙar ta maƙale. Farare-fararen sun tsage daga sama har ƙasa, rigarsu ta nannaɗe kamar ɓawon albasa. 'Yar maƙwabta, ina taɓa ta sai ga ta tana zuba a yatsana. Baƙaƙen ne kawai suka tsaya da rigarsu, su ma sheƙin ya tafi, sun ƙandare kamar itacen hura wuta. Na sauko da faifai a ka ina kuka tun daga hawa na biyar.

Umma ta duba, ta saki salati, ta zauna a ƙasa daɓas. "Biba, kin kashe mu," in ji ta, sai kuma ta tuna da baƙuwa, ta fara kame-kamen wai kayan wani abokin Malam ne. Mma Adiza ta kwashe da dariya ta ce ai duk benen nan har mai gadi babu wanda bai san inda Malam yake aiki ba, a bar wannan a nemi mafita. Ita ce ta kawo shawarar farko: abin da ya bushe, tururi ke dawo da shi, haka take yi wa dokununta, tuwon masarar nan nasu na Gana, in ya kwana. Aka ɗora madambaci, aka shimfiɗa tsumma, aka jera su aka rufe. Sun yi laushi kam, har sun wuce, don cikin ya kumbura ya ƙara yage rigar, biyu ma suka buɗe baki kamar dafaffen wake. Sai Umma ta naɗe hannun riga. Ta buɗe gwangwanin kayan turarenta ta ɗauko ƙaro, ta jiƙa shi, ta sami tsinken sakace, ta zauna a bakin taga tana bin tsaga ɗaya bayan ɗaya tana shafawa tana mannewa, tana cire ɗan ganye daga wadda ta mutu ta yi wa mai sauran rai faci. Wallahi aikin ya yi kyau, in ba ka ƙura ido ba ba za ka gani ba. Matsalar da ta rage ita ce wari, domin yanzu kifi da tattasai suke yi. A nan Umma ta ga abin ya zo fagenta. Ta ce abin da ƙarshensa hayaƙi ne, hayaƙi ba zai ɓata shi ba. Ta hura gawayi, ta zuba turarenta mafi tsada, na amare, ta ɗora faifan a kan kabbasa ta lulluɓe da zane. Mu uku muka tsaya muna kallon hayaƙi na fita ta gefe, muna ce wa juna ai ma sun fi da.

Baba ya dawo da fara'arsa, ya ci tuwo ya suɗe hannu, ya ce malama a kawo jarrabawa. Na ɗaure masa ido. Umma ta shige kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Na ɗora masa baƙa ɗaya a tafi. Ya murza, ya tsaya. Ya kai kunne, ya sake murzawa. Ya kai hanci, ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Biba, wannan kuma ganyen wace ƙasa ce?" Ya zare gyalen da kansa ya jawo akwatin. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su a gaban fitila, yana bin facin Umma da farce, ya taɓa soson ya ji shi ƙayau. Bai yi tsawa ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tambaya waye, na ce ni ce, Umma ta fito ta ce mu ne. Da aka ba shi labari daga faifai zuwa madambaci zuwa kabbasa, sai ya yi wata 'yar dariya da ban so ba, ya rufe akwatin, ya ɗauki buta. Ranar Asabar gidan ya yi tsit. Na tarar da Umma ta sauko da manyan akwatunan tafiya daga saman kabad, ta ce ƙura take gogewa. Na san ƙarya ne, na shiga banɗaki na yi kukana mai isata, na fito na ce wa Baba ƙafata ƙafarsa gobe, ni na yi ɓarna ni zan faɗa.

Shagon Abu Salim ƙarami ne, mai sanyi, a can ciki kuma akwai ɗakin danshin da ƙofarsa ta gilashi, da kantocin katako har sama. Shi kansa gajere ne mai tumbi, muryarsa a dishe, hancinsa kuwa Allah ya yi masa wadata. Aka zaunar da ni a kujera bakin ƙofa. Baba ya ajiye akwatin ya fara bayani, dattijon ya ɗaga masa hannu ya buɗe. Ya sunkuya ya shaƙa. Ya ɗago ido waje. Ya sake shaƙa. Sai na ga ya bar akwatin ya zagayo, ya kama kafaɗar Baba ya jawo shi ƙasa, ya cusa hanci a wuyan rigarsa, ya bi hannun riga har zuwa maɓalli yana shinshina. Ya ja da baya ya nuna shi da yatsa ya yi ihu, yana kiransa da sunana irin na Larabawa, "Kai ne! Ya Abu Habiba, ashe kai ne!" Ashe wata da watanni manyan masu saye suna ƙorafin cewa farare-fararen sigar suna ɗanɗanon turare. Mutumin nan ya canza sabulun goge ƙasa, ya hana ma'aikata fesa turaren kwalba, ya hau tsani da tumbinsa ya leƙa bututun iska, bai gano ba. Ga shi yau ƙamshin ya zo masa a akwati da ƙarfinsa, ya gane shi. Rigar da Umma take turarawa kowace safiya ce take shiga ɗakin danshi, siririyar rigar kilaro kuma babu abin da ta iya kamar shan ƙamshi. Baba kuwa ya saba da shi har ba ya jin sa a jikinsa.

Na miƙe na fara ba da haƙuri da Larabcin makaranta, na ce ni na kai su rana. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Rana? Ranar Doha?" Sai ya dafe kantar shagon ya yi ta dariya har da tari. Ya ɗauki ɗaya ya ga facin, ya sa tabarau ya ƙara dubawa, ya tambayi wa ya yi wannan. Baba ya ce matarsa, da ƙaro. Ya ce ko a inda ake naɗa su da irin wannan ɗanko ake manne riga, kuma hannun matar nan ya fi na wasu da ya sani. Don tsabar son jin ƙwaƙwaf ya yanke kan baƙa ɗaya ya kunna ya zuƙa. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce ya ji kifi, ya ji barkono, ya ji amarya. Ya kashe ta ya ce yalla, a yi abin da ya tara mu. Ya sa Baba ya cire rigar ya sa ta shago, ya wanke hannu da fuska, ya ɗaure masa ido ya dinga miƙo sababbi. Ina daga kujera ina motsa baki tare da shi. Har wayo ya yi masa, ya ba shi guda biyu masu ciki iri ɗaya riga daban, Baba ya ce wannan za ta yi sanyi a baki, wannan za ta yi zaƙi da nauyi, bambancin duk a riga yake. Dattijon ya ciro mabuɗi daga aljihu ya riƙe shi a sama bai miƙa ba. Ya ce ba riga kaɗai ke kama turare ba, har gashi, da fata, da labule, da katifa, ba ya son duk ƙamshin da zai biyo Baba daga gida, kuma kullum da safe shi da kansa zai shinshina. "Ko turare, ko mabuɗi. Khalas."

A cikin bas ina ta tsalle a kujera ina cewa mun ci, Baba ya dube ni ya ce, "Ke a ganinki an gama? To wa zai gaya wa Ummanki?" Sai a lokacin na daina tsalle. Turaren nan ba ƙamshi ne kawai a wurin Umma ba. A hannun mahaifiyarta ta koya, ita ma a hannun tata. Kaskon da take amfani da shi a cikin kayan aurenta ya zo, kuma a cinyarta ya hau jirgi, naɗe da zane, don ba ta yarda a jefa shi cikin kaya ba. A ƙasar da ba ta da uwa ba ta da 'yar'uwa, ba ta jin yaren kowa, da turaren nan aka san ta, saboda shi mata suke hawa bene uku su zauna a falonta su yi hira har la'asar. Baba ya shiga ya zauna a bakin kujera ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi facinta sau uku, kafin ya iso wurin. Ta saurara har ya gama. Tambaya ɗaya ta yi: takardar zamanmu fa? Ya ce za a sabunta. Ta ce to. Ta tashi ta hura gawayi ta zuba turare na sallama, irin zubin da ban taɓa gani ba, har mai gadi ya hau da gudu da tulun kashe gobara. Kwana uku muna wankin labule da zannuwan gado da tagogi a buɗe. A rana ta huɗu muka sauke gwangwanaye da kabbasa zuwa gidan Mma Adiza, ni ce ɗauke da kaskon. Tana bayana tana faɗan in riƙe da kyau, tana kuka, kuma ba ta ɓoye ba. A kan matakala ta ce mini, "Ba don tabarsa na yi ba. Don kada a raba mu ne."

Shekara goma sha ɗaya Baba ya riƙe mabuɗin nan, shekara goma sha ɗaya Abu Salim yana tarbarsa a bakin ƙofa da hanci, ma'aikata suna dariya. Gidanmu ya koma ba ya ƙamshin komai sai sabulu da albasa. Wasu matan suka rage zuwa, wata ma ta ce falonmu kamar asibiti, na ji da kunnena, Umma ta yi kamar ba ta ji ba. Ranar Juma'a takan sauka wurin Mma Adiza ta yi haɗinta ta sallami masu saye, sannan ta yi wanka a can, ta wanke kai, ta canza kaya, ta hau gidanta kamar wadda ta je aikata laifi. Ko da Sallah ba a kunna mana gawayi ba. Ban taɓa jin ta goranta wa Baba ba, ni ma ba ta taɓa ce mini ke kika jawo ba, sai dai duk ranar da na ɗauki faifai zan hau sama takan tare ni ta ɗaga rariya ta ga abin da ke ciki.

Yanzu sun koma Zariya, su biyu. In na kira su ta bidiyo da ƙyar nake hango fuskar Baba saboda hayaƙi, yana tari yana cewa bashin shekaru ake rama wa a kansa, tana daga gefe tana ƙara gawayi. Ni na zauna, ina aiki a wani ofis a Mushairib, ina shiga jirgin ƙasa safe da yamma. An rushe benenmu, an yi wani mai gilashi wanda ba a hawa rufinsa, yaran ciki ban san inda suke wasa ba. A ɗakina ina da kaskon lantarki da kwalabe cike da haɗin Umma, babu mai shinshina ta, ina iya turarawa har maƙwabta su buga ƙofa. Amma in kewar gida ta kama ni, ba ƙamshin nan nake nema ba. Falon nan nake tunawa, mai sabulu da albasa, Baba ya dawo da mabuɗi a aljihu, Umma ta hau daga hawa na biyu da jiƙaƙƙen kai, mu uku a tebur ɗaya babu wanda ya tafi ko'ina. Da ina yarinya Baba nake yi wa kirarin cin jarrabawa. Sai da na girma na gane Umma ce ta ci ta.